Ruwan Rijiyar Fesbuk

Ɗan siyasa Kamalu ya shigo Banga neman ƙuri'a, ana haska shi kai tsaye a Fesbuk. Can ne bara ya saka hoton rijiyar burtsatse, wai ya gina mana. Ko rami ba mu gani ba. Ruwan tafki ya kashe jikata Hamdiyya.

Na tarbe shi da fara'a. Baƙo ba ya magana sai ya sha ruwa, na miƙa masa ƙwarya.

Ya leƙa, ya ga laka da tsutsotsi.

"Baba Ladan, wannan fa?"

"Na rijiyarka ne, ranka shi daɗe. Shanye, duniya na kallo. Ko kuwa babu rijiyar?"

Ya rufe ido, ya kafa kai.

Ramin ƙarya ƙurarre ne.