Wa Ya Tona Ciwon Miriyam?

Tun da Miriyam ta dawo daga makaranta ba ta gaishe shi ba, Yafet ya san ba lafiya.

"Baba, an daina zama benci ɗaya da ni. Wai farfaɗiya gare ni, zan shafa musu. Kai fa ka ce ba wanda zai ji!"

A tunaninsa, maƙwabciyarsu kaɗai ta sani, don ita ta raka su asibiti ranar da yarinyar ta faɗi. Ko takalmi bai sa ba ya faɗa gidanta.

"Maman Joanna, haka za ki ci amanarmu?"

"Ni? Baban Miriyam, tsaya ka ji."

Ta danna wayarta. Muryarsa ce ta fito, a saƙon da shi da kansa ya tura, yana roƙon Zumuntar Maza ta cocinsu su sa 'yarsa a addu'a. Ga sunanta, ga ciwonta, ga hotonta da kayan makaranta.

"Daga can garin Kagoro aka turo mini. Kowa turawa yake, wai a taya ku addu'a."

Ya juya, sai ga Miriyam a bakin ƙofa. Ta ji komai.

Har yau Yafet bai san wayoyi nawa saƙon ya shiga ba. Bai kuma san ko 'yarsa za ta sake yarda da shi ba.