Mai Tsire a Ɗakin Gashin Ƙashi

Kai da kake ƙorafi wai motsa jikin da aka ba ka ya yi maka kaɗan, zauna ka ji misalin wani mai tsire. Mutumin ya yi suna a bakin tasha, har direbobi kan taka birki don shi kawai. Wata rana ya faɗo daga kan babur ya karye a damtse. Maɗori ya ɗaure hannun da karare, ya ja masa kunne cewa ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci, kada ya kore shi da wannan hannu. Ya bi umarni sau da ƙafa. Ƙashi ya haɗe lafiya lau, amma da aka kwance ɗauri sai kafaɗa ta ƙage, ko hula ba ya iya ɗorawa a kai, balle ya ɗaga wuƙa ya sari nama. Tukubarsa kuwa an ba wani aro, kuma sarkin pawa ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in kaka ta wuce bai dawo ba, wurin ya zama na wancan.

A asibiti aka ce sai an yi masa gashin ƙashi. Hankalinsa ya kwanta, don in dai gashi ne, ai an zo gidansu. Ya tafi yana sa ran garwashi, ko aƙalla ruwan zafi da tsumma. Sai ya tarar da ɗaki ba wuta ba hayaƙi, da wata likita mai fara'a. Ta sa shi ya fuskanci bango, ya riƙa hawa da yatsunsa sama a hankali kamar tururuwa, ya sauko, ya huta, ya sake. Bawan Allah yana yi yana waige-waige ko zai hango murhu. Da abin ya ishe shi ya ce, "Likita, to yaushe za a kawo wutar?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai gashin ke nan kake yi."

Ya fito kansa a ɗaure. Maɗori ya ce kada ya motsa, ita kuma ta ce rashin motsin ne ya ƙage shi. Ta ce ya yi kullum, ta kuma ce ya riƙa hutawa. Abin da ya fi rikita shi, wai in ya ji jijiya na ja ya daure, in ya ji suka ya tsaya cak. Shi a saninsa zafi dai zafi ne, bai taɓa jin yana da wa da ƙane ba. Ya kai maganar majalisa, nan ma aka ƙara dagula masa lissafi: wannan ya ce kitsen damo ne magani, wancan ya ce kaho, wani ya rantse cewa ƙato da gemunsa yana shafa bango ai abin kunya ne. Duk da haka ya yi ta yi a ɗakin matarsa inda ba mai ganinsa, ba don ya gane ba, sai don ba shi da wata dabara. Yatsun kuwa suka riƙa ɗan ƙara tsawo a bango, yau a ƙirji, an jima a haɓa, har ran nan ya ga ya taɓa kunnensa.

Gero ya fara nuna sai ya bi ta tasha, ya tarar da direbobinsa sun kewaye tukuba suna yaba yajin wancan mutumin. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya koma gida yana ta saƙe-saƙe, ya ce in shafa bango kawai ya kawo wannan sauƙi, ashe aiki mai nauyi zai kawo sauran gaba ɗaya, likitar nan dai tausayi ne ya yi mata yawa. Ya jawo turmi, ya zuba ƙuli-ƙuli, ya ɗauki taɓarya da hannun ciwo ya kama daka. Kafaɗa ta fara suka kamar ana cusa mata tsinke. Ya tsaya yana tunanin wanne ne wannan cikin zafin nan biyu, na daurewa ko na tsayawa, ya kasa rabewa. Da ya taɓa wurin ya ji ɗumi, sai ma ya yi murna, ya ce sai yanzu gashi ya kama. Haka ya wuni yana daka, matarsa na magiya yana korarta.

Gari ya waye kafaɗa ta kumbura suntum, ko ruwa ba ya iya kaiwa baki. Da ya koma asibiti, likitar ba ta yi faɗa ba. Ta duba ta ce ya ji wa jijiyar rauni, sai kumburi ya saɓe tukuna, sannan a koma bango a fara daga ƙasa. Wannan karon ya bi a hankali, hannu kuma ya warke sarai, amma kafin nan an daɗe da kai amfanin gona rumbu, sarkin pawa kuma bai janye maganarsa ba. Ranar da ya je tasha da hannunsa lafiyayye, sabon mai wurin ya tarbe shi da ladabi, ya shimfiɗa masa buhu, ya naɗo masa tsire mai zafi a takarda ya ce baƙo ya taɓa. Ya zauna a gefen tukubar da ya gina da hannunsa, ya ci, bai ji ɗanɗanon komai ba.

Saboda haka ka riƙe ɗan abin da aka ba ka, ka bar jiki ya nemi ƙari da kansa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sauri ya haifi nawa.