Ke Fara Kurɓa

"Ba na so!" Auta, ɗan shekara biyu, ya ture kofin, madara ta fantsama a zanen uwarsa.

Ta lallashe shi, ta mayar da cokali mota, ta yi barazanar ɓoye ƙwallonsa. Ya datse baki gam.

Ta juya ga mahaifiyarta. "Inna, ina yaron nan ya kwaso taurin kai?"

Inna ta miƙo mata kofin. "Ke fara kurɓa ya gani."

Ƙarnin ya daki hancinta. Ta kau da kai, ta datse baki gam. "Wallahi ba zan sha ba."

"Tun kina goye nake fama da bakin nan," in ji Inna.

Auta ya ɗauki cokalin, ya nufo ta. "Umma, haaa! Ga mota!"