Mai Guga da Hoton Gola

Tunda ka dage sai ka gyara, to ba zan riƙe maka hannu ba, amma tsaya ka ji misalin wani mai wanki da guga tukuna.

Mutumin nan Allah Ya jarabce shi da son tsofaffin kayan ƙwallo. Sa'o'insa na tara awaki, shi yana tara katunan hoton 'yan wasan da, da guntayen tikitin shiga fili, har da wani usur mai tsatsa da ko yaro ba zai sa a baki ba. Ranar da aka rushe tsohon filin garinsu, shi ne ya bi masu rusau yana roƙon allon da ake rataya lambar ci. Ya kuma iya adana kaya, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Abu ɗaya ya rage masa, hoton ƙungiyar garin ta farko. Guda ɗaya tak ya saura, yana wurin wata tsohuwa da marigayi mijinta shi ne golansu. Mijin bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba sai a wannan rana, don haka duk duniya nan kaɗai fuskarsa ta rage. Mai guga ya yi ta zarya gidan, yau goro gobe sabulu, har ta yarda ta ba shi aro ya kai wa mai hoto a fitar masa da irinsa. Ta buɗe adaka, ta warware ɗankwalin da ta naɗe shi, ta ce, "Amana ce, ɗan nan. Ka dawo mini da Malam yadda ka ɗauke shi."

A hanya ya lura hoton ya ɗan karye daga gefe. Karyewar ba ta taɓa fuskar kowa ba, amma idon mai guga ba ya iya kwana da yamutsi. Ya ce a ransa, shi da yake ladabtar da shadda mai taurin kai, takarda ce za ta gagare shi? Maimakon shagon mai hoto, sai ya karkata rumfarsa. Ya zuba garwashi a dutsen guga, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan hoton, ya yayyafa ruwa kamar yadda hannu ya saba, ya danna. Da ya ɗaga ƙyallen, sai fuskokin suka biyo shi, gola da sauran duka. Takarda kam ta miƙe sumul, sai dai babu kowa a cikinta. Wallahi ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, don ba mugu ba ne, gwani ne da bai san inda gwanintarsa ta tsaya ba.

Ya ja ƙafa ya koma, ya durƙusa a gaban tsohuwar, ya miƙa mata hoton. Tsohuwa ta karɓa, ta daɗe tana duban wurin da mijinta yake tsaye a da. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Shekarun nan duk da karyewar nake ganinsa, ba ta taɓa tare mini shi ba."

To ka ji. Irin wannan ne Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.