Hannun da Aka Ɗaure a Gasar Girki

A waɗancan shekarun unguwar ba ta da kwalta, kuma talabijin mafi girma yana shagon mai gyaran rediyo. Nan jama'a suka kalli budurwarsa a gasar girki ranar da man suya ya ƙona mata hannu, wani ɗan takara ya bar tukunyarsa ya ɗaure mata. Tun daga nan masu kallo suke kiran ita da ɗan takarar ango da amarya.

Da aka fitar da ita daga gasar, ta zo shagon da hantsi. Bai ɗago daga rediyon da yake kwancewa ba.

"Inna ta ce a dakata da maganar aurenmu," in ji shi. "Har a kasuwa ana tambayarta ko an gayyace ta bikinku."

"Inna ba ta san aikin masu talabijin ba, kai ka sani. Minti ɗaya ne, suka yi ta maimaitawa da kiɗa."

"Na sani."

"To, me ya rage?"

Ya dubi tabon hannunta. "Kallon da kika yi masa. Wannan ba su suka haɗa ba."

Ya so ƙwarai ta musa. Sai ta sunkuyar da kai, ta fita a hankali.

Har yau ba a sa rana ba, ba a kuma ce an fasa ba.