Ƙofar Barori

A waɗancan shekarun ƙauyen Wendleby layi ɗaya ne: coci, injin niƙa, sai gidan sarautar Aldercote bisa tudu. Da Kanar Cuthbert ya dawo daga yaƙi ya gaji mahaifinsa, sai ya sauko wurin Letitia, 'yar mai injin, hula a hannu.

"Letitia, aurenki nake nema."

Ta daɗe tana kallon lambobin yabon da ke ƙirjinsa.

"Ranka ya daɗe, ranar da mahaifiyarka ta sa na shiga gidanku ta ƙofar barori, kana bakin taga kana kallo. Zagaya baya ka ƙwanƙwasa."

Ya zagaya, ya yi ta ƙwanƙwasawa har maƙwabta suka taru. Ba ta motsa ba.

Rajistar coci ba ta ambaci aurensu ba, kuma har yau ban gano ko ta taɓa buɗewa ba.