Yatsun Ƙafa a Kan Sikeli

Ranar da aka sa dokar kulle, Malama ta dawo gida da jaka biyu. Ɗaya cike take da littattafan rubutun 'yan ajinta, guda arba'in da ɗaya, ɗayar kuma sabon sikeli ne a kwalinsa. Ita kaɗai take zaune a hawa na uku, ɗaki da falo, da taga mai kallon titi.

Tun tana yarinya 'yan gidansu ke ce mata Tulu, saboda jikin da Allah ya ba ta. Takan yi dariya in an faɗa, amma fa yana yi mata ciwo. Kafin annoba likita ya ce ta rage ƙiba a hankali, sai ta riƙa zuwa makaranta da ƙafa, ita da wasu malamai biyu, suna tafe suna gulmar shugaban makaranta. Har gwiwarta ta fara sauƙi, sai ga kulle.

"To, shi ke nan," ta ce wa sikelin. "Kafin a buɗe gari sai Tulu ta koma kwalba."

Ranar Asabar ta hau sikelin, ta ɗauki hoton lambar, ta tura zauren hirar 'yan gidansu a waya. Auta, ƙaninta, ya turo tafi. Yayarta ta rubuto, "Haka nake so, ƙanwata. Kada ki saki." Daga nan ya zama al'ada, duk Asabar da hotonta.

Sai kwanaki suka fara narkewa cikin juna. Titin da ke cika da hon ya yi tsit, har takan ji fiffiken tattabarun da ke sauka a bakin taga. Takan zauna ta bi hasken rana da ido, tun yana kan labule har ya gangaro kan kujera, ya hau bango, ya ɓace. Ta gama duba littattafan yaran, ta sake dubawa, ta kuma sakewa, har jan biro ya ƙare.

Wani lokaci da hantsi sai ta ji kamar an kaɗa ƙararrawa. Ta ga falon ya faɗaɗa, bencina sun jeru, ƙurar alli na yawo cikin haske. Ta miƙe ta kira suna ɗaya bayan ɗaya, ta ji ana amsawa daga can nesa, kamar daga cikin ruwa. In ta farga, firji ne kawai ke gurnani.

Abinci kuwa ba ita ta bar shi ba, shi ya bar ta. Ta dafa shinkafa, ta zauna ta tasa ta a gaba har ta huce. Burodi ya yi fumfuna a leda. Ruwan zafi da lemon tsami ya zama kalaci, ya zama abincin rana, daga baya shi ma sai ta tuna. Wanka ya koma aiki. Kuka yakan zo mata babu dalili, tana tsaye a tsakar ɗaki da tsintsiya a hannu.

Amma lambar sikeli sai sauka take yi, zaure kuma sai tafi.

Sau ɗaya ta gwada faɗa. Ta kira Yaya ta ce, "Yaya, ni fa ba na jin daɗin komai. Ko yunwa ba na ji."

Yaya ta yi dariya, yara na ta hayaniya a bayanta. "Ke kin huta. Mu nan kulle ya mai da mu buhuna, ke ko Allah ya cire miki kwaɗayi. Gode masa za ki yi, Tulu. Af, ashe yanzu sunan ma bai dace ba."

Malama ta yi 'yar dariya don kada a ce ta cika ƙorafi, ta kashe waya. Daga ranar ba ta ƙara faɗa wa kowa ba.

Maƙwabciyarta ta hawa na biyu ce ta lura zani ɗaya ya kwana huɗu a kan igiyar shanya, ruwa ya dake shi, ya bushe, ba a ɗauke ba. Ta hau ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, shiru. Da aka ɓalle ƙofar, a ƙasa aka sami Malama kusa da sikelin, littattafan yara a jere kan kujeru, kowanne a buɗe.

A gadon asibiti ta farka. Sama-sama take jin likita na cewa ciwon damuwa ne ya kama ta tun tuni, rashin ci da sha kuma ya taɓa ƙodarta, daga yanzu sai an riƙa yi mata wankin ƙoda. Ta juya ta ga Yaya da takunkumi a fuska, tana jan hotunan zaure da yatsa, hawaye na sauka kan wayar.

"Hoto goma sha tara," in ji Yaya. "Duk yatsun ƙafarki ne da lamba. Ko sau ɗaya ban ce ki nuna min fuskarki ba."

Da aka buɗe makarantu, wata malamar aka ba ajinta. Auta ne ya mayar da littattafan, arba'in da ɗaya, Malama kuwa ta taga take kallon yaran suna wucewa.

Mai karatu, ba kowace rama ce nasara ba, wata ciwo ce da ke cin mutum daga zuciya. In ɗan'uwanka na zaune shi kaɗai ya ce ba ya jin daɗin komai, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka yi masa tafi. Ka nemi ganin fuskarsa, ka saurare shi, ka kai shi ga likita tun da sauran lokaci.